Rigunan Uwata da Almakashin Tela

Babbar 'yata, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata gare ta, ta sami aikin jinya a wani asibiti da ke can ƙarshen gari. Aikin ya zo da ɗaki a gidan ma'aikata. Da muka je duba ɗakin, gado muka tarar da tebur da wata 'yar durowa wadda ko kayan jariri ba za ta ɗauke ba. A hanyarmu ta dawowa ta ce mini shi ke nan, dama farar rigar aiki za ta riƙa sawa kullum, za ta rage kaya.

Ba sunan kaɗai ta ɗauko ba, har da jikin. Mahaifiyata mace ce mai cika ƙofa, Uwata kuma ta ɗara ta tsawo. Tun tana 'yar makaranta nake fama da faɗuwar gaba a kanta. In mun shiga motar haya, ni nake fara karanta fuskar kwandasta kafin ya buɗe baki. In baƙi sun zo, ni nake saurin janye kujerar roba in tura mata ta katako. Ita kuwa ko a jikinta. Mamanta takan ce ni nake ɗauke da nauyin, yarinya tafiyarta take yi sakayau.

Ranar rage kayan ta kwashe duk abin da ke cikin durowarta ta zube a kan gado, abin da gado ya kasa ɗauka ya gangaro ƙasa. Duka kayan kanti ne, ɗinkakku, irin waɗanda mace mai jikinta take shan yawo kafin ta samu. Na san wannan yawon, don ni direban motar kaya ne, kuma da motata aka yi rabinsa. Na sha tsayawa a bakin kanti ina ji ana ce mata babu lambarki tun ba ta gama sallama ba. Akwai koriyar doguwar riga mai ƙananan fararen furanni da muka zaga kasuwa uku kafin mu same ta. Akwai wata shuɗiyar kwat da ta sa aka aiko mata daga nesa, ta yi ta jira har muka fidda rai. Akwai kuma jar rigar da ta sa ranar da ta gama makarantar jinya, ja irin wanda ake hangowa daga ƙarshen layi. A ranar sai da na tambaye ta ko babu mai ɗan duhu. Ta ce akwai, ta bar wa masu ɓuya.

Mamanta ta kawo shawarar a raba wa dangi. Uwata ta yi dariya ta tambaye ta wa zai cika su a dangin nan, da kowa kamar an ja shi da zare. Ta ce ta san abin da za a yi, a yi godiya a gabanta, in ta juya baya a kai wa tela ya fitar da riga biyu da ɗankwali.

"So nake wata ta shiga shago ta tarar da lambarta a rataye," in ji ta, "ba tare da ta roƙi kowa ba, ba a kuma ce mata bari a duba ciki ba."

Ta wanke su, ta goge, ta mayar da maɓallan da suka faɗi, ta ninke su a manyan jakunkuna. Da yake ta riga ta fara aiki, ni aka ɗora wa kai su shagon Madam.

Shagon Madam yana kan babban titi, yana kallon wurin wankin mota da ke tsallake. Kayan da mutane suka sa suka gaji take karɓa ta sayar musu, in an saya a raba. Amma kada ka kuskura ka kira wurin shagon gwanjo, sai ta nuna maka hanya. Akwai tagar gilashi babba a gaba, da gumakan roba biyu a ciki sanye da kaya, sirara kamar ba su taɓa cin abinci ba. Can ƙurya akwai tela da kekensa. Ƙofar shagon ta ƙarfe ce, irin wadda ake naɗewa sama da safe a jawo ta ƙasa da yamma.

Madam ta faɗa mini dokarta da bakinta, kamar yadda take faɗa wa kowa. Kaya suna da wa'adi, Asabar ɗin ƙarshe ta wata mai zuwa. Muddin ba a sauke ƙofa a ranar ba, kayan na mai su ne. In aka sauke ba a saye su ba, mai su kuma bai zo ya kwashe ba, sun zama na shago, tela ya yanka ya yi abin da zai shiga kasuwa. Na ce na ji.

Sai ta zaro koriyar rigar ta ɗaga. Ta buɗe hannuwanta iya buɗewa, rigar ba ta ƙare ba. Tela ya leƙo ya ce tubarkalla, ya koma. Madam ta ce mini gaskiya gumakanta ba za su ɗauki wannan ba, in kuma ta rataye su a gaba za su rufe sauran kaya. Za ta ajiye su a ciki, duk wadda ta tambayi babbar lamba a fito mata da su.

Na waiga na kalli titi. Rabin unguwarmu ta nan suke bi zuwa aiki. Na hango rigar nan tana kaɗawa a bakin ƙofa, ana nunawa ana cewa ai ta 'yar direba ce. Na ji wani sanyi a raina da Madam ta ce ciki.

"Hakan ma ya fi, Madam," na ce mata.

Na koma gida na ce an karɓa, aka yi murna.

Ana saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika, na biyo ta titin da lodin katifu. Cunkoso ya tsayar da ni daidai shagon. A cikin tagar, tsakanin ƙafafun gumakan, an jingina matashin kujera guda biyu, sama kuma an rataye wata 'yar rigar yarinya mai tattara a ƙugu. Duka kore ne, da ƙananan fararen furanni. Na yi ta kallo har na bayana suka cika ni da hon.

Na faka na shiga. Madam ba ta nan. Jakunkunan Uwata suna ƙarƙashin teburin tela, ya ɗora ƙafarsa a kan ɗaya, ko ɗaurin da na yi musu ba a kwance ba sai guda. Na tambaye shi yadda aka yi. Bai ɓoye ba, bai kuma ga abin ɓoyewa ba. Ya ce kowa ya san irin waɗannan ba sa fita, wa'adi kuma ya zo kusa, shi ne ya ce bari ya rage aiki. Ya yaba yadin ƙwarai. Ya ce ya riga ya auna shuɗiyar kwat ɗin da ido, jakar hannu uku za ta ba shi, jar kuwa har labulen taga sai ta yi.

Na fito na hau mota. Na yi tunanin in kwashe sauran in ɓoye a gareji in ce an sayar. Na yi tunanin in yi shiru, tunda ba ta cika bin titin ba yanzu. Har na sauke katifun ban tsayar da magana ɗaya ba. Sai kawai na ga motar ta kai ni ƙofar asibiti.

Ta fito lokacin hutunta, da farar riga da agogo maƙale a ƙirji. Na faɗa mata abin da na gani, ina ta zagaye, ina cewa wataƙila kuskure ne, wataƙila yadin ne ya zo iri ɗaya. Ta tambaya ko an taɓa rataye ko guda ɗaya. Na ce ban ga alama ba. Ta tambayi ranar wa'adi, na faɗa mata. Ta ce za ta roƙi wata ta riƙe mata aikin Asabar.

"Ka zo da mota, Baba. Ka share bayanta da kyau."

Na ɗauka kwaso kayan za mu yi, har na ji daɗi. Na share motar, na goge, na shimfiɗa tabarma don kada su yi datti.

Asabar da safe muna isa Madam tana buɗe shago. Uwata ta gaishe ta da ladabi, ta kira ta Anti, sannan ta wuce ta ɗauko matashin kujerar nan guda ɗaya ta ajiye a kan teburin ciniki, tsakaninsu. Madam ta kalli matashin, ta kalli tela. Tela ya sunkuya yana neman wani abu a ƙasan keke.

Madam ba muguwar mace ba ce, kuma ba ta yi musu ba. Ta ce tela ya yi gaggawa, za ta biya rigar. Amma ta ce gara a faɗa wa juna gaskiya, shekara da shekaru tana wannan sana'a, mata masu jiki ba sa shigowa shagonta. Sukan tsaya a waje su leƙa su wuce. Wa za ta rataye wa? Ta ƙara da cewa ba ita kaɗai ta ga haka ba.

"Babanki ma da bakinsa ya ce ajiyewa a ciki ya fi."

Uwata ba ta waigo ta kalle ni ba. Da ta kalle ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce wa Madam ba biya ta zo nema ba, ba kuma kwashe kaya ta zo yi ba. Ta ce mace mai jiki tana leƙawa ta wuce ne don abin da ta gani a taga ya riga ya gaya mata babu nata a ciki. Ta tuna mata dokarta, cewa har a sauke ƙofa yau kayan nata ne, kuma an karɓe su ne don a nuna su. Tunda shago ne ya fara karya doka, tana son tagar ta yau ɗaya.

Madam ta ce ta ba ta tagar, amma ta gaya mata wane gunki ne zai sa su.

Uwata ta shiga tagar, ta rungumo gunki ɗaya ta miƙo mini, ta rungumo na biyu ta ɗora mini a kai. Na tsaya riƙe da mata biyu na roba ban san inda zan kai su ba. Ta kwance jaka, ta zaro shuɗiyar kwat ɗin ta karkaɗe, ta sa a kan baƙar rigar da ta zo da ita. Sannan ta hau dandamalin tagar, ta sa hannu ɗaya a aljihu, ta fuskanci titi.

Madam ta ce ita dai in lokacin tashi ya yi za ta sauke ƙofarta, ko wa ke tsaye a taga.

Masu wankin mota ne suka fara gani. Babbansu wani ne da ake kira Dogo, mai baki kamar reza. Ya ajiye bokiti ya kira sauran. Ya ce Madam ta yi sabon gunki, wannan kam da ganinsa ba a yi masa rowar roba ba. Wani ya ce a kira masu gilashi su zauna kusa. Suka bushe da dariya har da dukan bayan motar da suke wankewa. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Wata mota ta tsaya, na ciki suka sauke gilashi.

Abin da na yi shekaru ina tare mata ke nan, ga shi ta hau kan dandamali ta kira shi da hannunta. Na jingine gumakan a bango na zagaya ta bayan tagar. Na yi ƙasa da murya na roƙe ta ta sauko. Na ce zan kwashe kayan, zan nemi wani shagon, zan bi gida gida in ta kama. Na ce ta dubi aikinta, wani daga asibiti zai iya wucewa.

Ba ta juyo ba, bakinta kawai ya motsa.

"Baba, in za ka tsaya, ka tsaya. In ba za ka iya kallo ba, ka juya baya. Amma kada ka sake ce mini in sauko."

Na fita waje na tsaya kusa da motata. Ban juya baya ba, amma ban iya ɗaga kai sosai ba.

Ta daɗe a tsaye babu wadda ta shigo. Takan sauka ta canja riga a bayan labulen tela ta sake hawa, kowace canji kuma Dogo yana da sabuwar magana. Rana ta ɗaga. Gilashin ya ɗau zafi, ina ganin gumi yana bin wuyanta. Tela ya fito da almakashinsa yana wasa shi a bakin ƙofa, yana kallon sama kamar ba da kowa yake ba.

Ta farko da ta tsallako mai gadin kantin magani ce na gaba da mu, mace babba, sanye da rigar aiki ta maza wadda aka naɗe wa hannu. Ta tsaya a gaban gilashin ta harɗe hannuwa. Ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta yi alamar a juya. Uwata ta juya. Ta yi alamar a ɗaga hannu. Uwata ta ɗaga duka biyu, hammatar ba ta ja ba. Matar ta shiga shagon kai tsaye ta ce kwat ɗin da aka sa da farko take so ta gwada.

Nan wata matsala ta fito. Ɗakin gwajin Madam wani ɗan akurki ne tsakanin bango da durowa. Matar ta sa kafaɗa ɗaya, ɗayar ta ƙi shiga. Ta ja da baya tana dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce dama ta sani, a bar shi kawai. Sai Uwata ta leƙo ta kira ni ta ce in buɗe bayan mota. Sai a lokacin na gane dalilin sharar.

Motata rufaffiya ce, babu taga a baya, mutum yana tsayawa a ciki ba ya sunkuyawa. Na jawo ta daf da ƙofar shago, na sa akwatin kayan aiki ya zama matakala. Matar ta hau, aka rufe. Da ta fito, kwat ɗin ta zauna mata kamar don ita aka yanka. Ta shiga shago wajen madubi, ta sa maɓalli har sama. Sannan ta ciro waya ta kira yayarta, ta ce ta bar duk abin da take yi ta zo, ta kuma biya ta ɗauko maƙwabciyarsu.

Daga nan aka fara zuwa, ba da yawa a lokaci ɗaya ba, amma ba a yanke ba. Wata malamar makaranta, wata mai sayar da kayan miya da ta bar wa wata jiran rumfa, wata da ta sauko daga mota mai tsada ta ce wa direbanta ya zagaya. Suka taru a bakin motata suna jiran layi, suna ta zuba kamar sun san juna tun yarinta. Wata ta ce rabonta da wando mai zif tun kafin haihuwar fari. Wata ta ce mijinta yana kiran rigunanta rumfa, yau za ta koma masa da mai ƙugu ya mutu da baƙin ciki. Suna ce mini Baban gunki, ina amsawa. Madam, da ta ga haka, ta daina cika tana batsewa, ta jawo ƙarfen rataya zuwa bakin ƙofa da kanta ta fara jera kayan.

Ba kowa aka dace da ita ba. Wata ta gwada kusan komai, duka sun yi mata kaɗan. Ta fito fuska a ɗaure ta ce ko a nan ma babu nata. Uwata ta sauko daga taga ta raka ta har bakin titi, ban ji abin da suka ce ba. Da ta dawo idanunta sun kaɗa, amma ta sake hawa.

Ana cikin haka Dogo ya tsallako da tsumma a kafaɗa, wai ya ga motata ta yi ƙura zai ɗan goge mini kyauta. Akwai mace a ciki tana canja kaya. Ni mutum ne da ko ciniki ba na iya ja da ƙarfi, amma ban san lokacin da na sha gabansa ba. Ya ce haba Baba, wasa ne. Na ce na ji wasan tun safe, ya ishe ni.

"Waccan da ke taga 'yata ce," na ce masa. "Ta cikin motar kuma uwar wani ce. In ka ƙara taku ɗaya, da ni za ka yi."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga tsoho mai tumbi da silifas. Matan da ke layi suka juyo gaba ɗaya suka zuba masa ido. Mai gadin kantin magani ta tako daga bakin aikinta sanye da sabuwar kwat ɗinta. Dogo ya ce shi dama ruwa ya bari yana zuba, ya koma. Bai daina magana ba, amma daga can tsallake, kuma a hankali.

Da rana ta yi sanyi jakunkunan sun zama wayam. Wani siket da dutsen guga ya taɓa ƙonawa Uwata ta jefa wa tela da hannunta, ta ce wannan ya mutu da kansa, ya yi masa sutura. Abu ɗaya ya rage, jar rigar. Kowace mace ta shafa ta, wasu sun kara a jikinsu, sai su ce kai, ina, wannan sai mai ƙarfin hali. Uwata ta sa ta a kan baƙar rigarta ta hau taga. Tela ya ce ta yi a hankali kada ta yi wa labulensa gumi.

Tun da azahar na lura da wata mata a rumfar jiran mota da ke gefen masu wanki. Doguwa ce mai jiki, cikin tufafi masu ruwan toka, da jaka rungume a ƙirji. Motoci suna zuwa suna tafiya ba ta hau ba. In layi ya ragu sai ta matso bakin titi, in Dogo ya yi magana sai ta koma. Na san irin wannan tsayuwar. Jira take kowa ya daina kallo, kuma ba za a daina ba.

Madam ta dubi agogonta ta ce an yi ƙoƙari, ita ma ta koyi abu, amma doka doka ce kuma tana da gidan zuwa. Ta shigar da ƙarfen rataya. Ta ɗauko sandar da take jawo ƙofa, ta maƙala, ƙarfen ya fara saukowa da ƙara. Na ce wa Uwata akwai wata a rumfa tun ɗazu. Ta ce ta gan ta. Ƙofar ta iso daidai goshina.

Na shiga ƙarƙashinta na tokare da kafaɗa.

Nauyinta ya fi yadda na zata. Madam ta ce Baba mene ne haka, zan lalata mata ƙofa. Na ce ai da bakinta ta ce sai an sauke, kuma ga ta nan ba ta sauka ba. Tela ya zauna a kan kujerarsa yana dariya har da riƙe ciki, ya ce zai ga wanda zai fara gajiya tsakanin ƙarfe da ƙashi.

Uwata ta sauko daga taga, ta sunkuya ta gefena ta fita. Ta tsallaka titi cikin jar rigar nan, ba sauri, ta bi ta gaban masu wankin mota, ta ratsa ruwan kumfarsu tana ɗage gefen rigar da yatsu biyu. Wani ya yi fito, ba ta ko karkata kai ba. Ta isa rumfar ta tsaya kusa da matar kamar ita ma mota take jira. Daga inda nake ina ganin bakinsu yana motsi. Matar ta girgiza kai. Ta sake girgizawa. Wata motar haya ta tsaya ta tare mini su. Da motar ta tashi, sai ga su biyu suna tahowa, Uwata a ɓangaren masu wanki, matar a ɗaya gefen.

Suka shiga bayan motata tare suka rufe. Ƙarfen yana cin kafaɗata, wuyana ya sage, gumi yana shiga idona. Madam ta yi ta faɗa, ta ce ba ta taɓa ganin taurin kai irin na gidanmu ba, ashe gado ne. Amma na lura ta saki sandar.

Uwata ce ta fara fitowa da baƙar rigarta. Ta miƙa hannu, matar ta sauko. Ja ya cika bakin shagon. Ta tsaya tana jan gefen rigar ƙasa, tana neman inda za ta sa idonta. Uwata ta ce mata madubi yana ciki. Matar ta dubi ƙofar da ta sauko rabi, ta dube ni a ƙarƙashi. Na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi na miƙe ƙafafuna, na tura ta sama da hannuwana, ƙofar ta ɗaga, ta shige ba ta sunkuya ba.

Ta daɗe a gaban madubin. Babu wanda ya ce ta yi sauri, har Madam. Ta juya hagu, ta juya dama, ta saki jakar da take rungume da ita ta faɗi ƙasa. Tela ya mayar da almakashinsa cikin aljihun tebur ya tura.

"A naɗe miki?" Madam ta tambaye ta.

"A'a," in ji matar. "Tsofaffin za ki naɗe mini. A jikina zan tafi da ita."

Uwata ta matso ta ce in saki haka nan, matar za ta iya fita ta ƙofar baya. Na ce ta gaba ta shigo, ta gaba za ta fita. Na riƙe har ta gama da Madam, ta zo ta wuce ta gefena ta ce sannu Baba, ta taka titi ta nufi rumfar jiran mota ta gaban su Dogo, kanta a sama. Sannan na zame hannuwana, ƙofar ta sauka.